WhatsApp, SORMAS ko Kobo: da wanne jami'in Kaduna zai yi magana da takwaransa na Maraɗi?

A watan Janairun 2006 kaji suka fara zubewa a wata babbar gona da ke Jaji, cikin ƙaramar hukumar Igabi. Sai ranar 8 ga Fabrairu aka sanar da sakamakon gwajin da aka yi a birnin Padova na Italiya: murar tsuntsaye ce nau'in H5N1, karo na farko da aka tabbatar da ita a nahiyar Afirka. Watan bai ƙare ba aka same ta a jikin agwagi a Magarya, cikin jihar Damagaram ta Nijar. Ban ce daga Jaji ta tashi ta tafi can ba. Amma duk wanda ya san yadda kwandunan kaji ke hawa bayan mota daga wannan kasuwa zuwa waccan, ya san abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mu da muke aikin lafiya a lokacin, labarin abin da ke faruwa a ƙetaren iyaka a rediyo muke jinsa kamar kowa.

Abin da ya dawo mini da wannan tarihi shi ne kiran da wata da na horar tun tana sabuwar ɗauka ta yi mini. Yanzu an sa ta cikin kwamitin da zai ba da shawara kan yadda jami'an sa ido kan cututtuka na nan Kaduna za su riƙa musayar labari da takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram. Ta ce, "Baba, kwamitin ya rabu. Wasu sun ce zauren WhatsApp ya wadatar, wasu sun ce a tsaya kan SORMAS da DHIS2 tunda su ne na hukuma, ga kuma wani da ya kawo takarda yana so a ba shi kwangilar gina sabuwar manhaja. Ni kuwa Kobo nake tunani. Wanne za mu ɗauka?" Na ce mata, "Hajiya, ba ni mako guda." SORMAS da DHIS2 manhajoji ne da hukuma ke tattara bayanan lafiya da su, Kobo kuwa manhajar cike fom ce. Abin da ke ƙasa shi ne amsar da na ba ta, na faɗaɗa ta saboda na san ba kwamitinsu kaɗai ke wannan muhawara ba.

Wani zai ce ina ruwan Kaduna, ai ba ta da iyaka da Nijar. Taswira ce ta faɗi haka, hanya ba ta faɗa ba. Shanun da ake saukewa a Zangon Tudun Wada da waɗanda ake kaiwa kasuwar Anchau, da yawansu ta Maigatari da Mai'aduwa da Jibiya suka shigo. Almajirai daga Nijar suna karatu a Zariya, 'yan ci-rani suna sauka da rani su koma da faɗuwar damina, marasa lafiya suna zuwa asibitin koyarwa na Shika neman magani. Motar da ta bar Maraɗi da safe tana iya kwana a tashar Kawo da ke Kaduna. Sanƙarau da ta ɓarke a jihar Damagaram a ƙarshen 2022 ba ta jima ba aka gan ta a Jigawa, mashaƙo kuwa da ya tsananta a Kano daga Disambar 2022 ya taɓa mu a nan, ya kuma taɓa Nijar. Cutar ba ta tsayawa a buga mata hatimi.

Na fara da WhatsApp saboda shi ne ake amfani da shi tuni, ko an yarda ko ba a yarda ba. Alherinsa a fili yake. Ba wanda za a koya wa. Yana aiki ko netwok ya yi rauni. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum har 1,024. Mafi girman alherinsa kuwa shi ne saƙon murya: likitan gunduma a Madarunfa ta jihar Maraɗi da ya yi karatunsa da Faransanci, da jami'in ƙaramar hukumar Giwa da ya yi nasa da Ingilishi, dukkansu Hausa suke yi a gida, minti ɗaya na magana ya raba gardamar da wasiƙa biyu ba za su raba ba. Wannan dukiya ce da ƙasashe da yawa ba su da ita, kuma ba na so kowa ya raina ta.

Sai dai na ga abin da yake haifarwa da idona. Akwai lokacin da wani abokin aiki, da kyakkyawar niyya, ya ɗauki hoton shafin rajista ya tura zaure don a ga yawan masu amai da gudawa. Sunaye suna ciki, da unguwa, da lambobin waya. Kafin la'asar hoton ya fita daga zauren ya shiga na 'yan unguwa, kuma wata baiwar Allah mai sayar da abinci ta rasa masu saye har tsawon watanni. Gaskiya ne saƙon WhatsApp a kulle yake tun daga wayar mai turawa har ta mai karɓa, amma kullen bai hana wanda ya karɓa ya tura wa wani ba. Ga kuma matsalar da ba a cika lura da ita ba: wayar ta jami'i ce, ba ta ofis ba. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko aka fizge wayar a tasha, tarihin shekara uku ya tafi. Idan kwamishina ya tambaya yaushe Maraɗi ta fara sanar da mu, sai a yi ta jan allo sama ana neman saƙo tsakanin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure. Kuma saƙon murya ba ya shiga lissafi. Ba za ka tara saƙonni arba'in ka fitar da jadawali ba.

SORMAS kuwa na san darajarsa. An ƙirƙire shi ne bayan annobar Ebola ta 2014, da haɗin gwiwar cibiyar Helmholtz ta binciken cututtuka masu yaɗuwa da ke Jamus da hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka a Najeriya da wasu abokan aiki, aka fara gwada shi a Najeriya a 2015, sannan korona ta sa aka shimfiɗa shi ko'ina a 2020. Yana bin marar lafiya ɗaya-ɗaya: wanda ake zargi, samfurin da aka ɗauka, sakamakon ɗakin gwaji, mutanen da ya yi hulɗa da su. Jami'in sa ido a kowace daga cikin ƙananan hukumominmu 23 yana shigar da bayani, jiha ta gani, Abuja ta gani a lokaci guda. A cikin gida babu abin da zan musanya shi da shi. DHIS2 shi ma haka, duk da aikinsa ya fi karkata ga tara alƙaluman asibitoci na mako da na wata. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke kula da gina shi, ƙasashe fiye da 70 suna aiki da shi, ciki har da Najeriya da Nijar.

A nan ne masu cewa a tsaya kan na hukuma suke yin kuskure. Jin cewa Nijar ma tana da DHIS2 sai su ɗauka rumbu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Maƙeri ɗaya ya ƙera kwaɗon, amma kowace ƙasa da ɗakinta da mabuɗinta. Namu an tsara shi bisa jiha da ƙaramar hukuma da mazaɓa, nasu bisa jiha da gundumar lafiya da cibiyoyin lafiya da suke kira CSI. Namu da Ingilishi, nasu da Faransanci. Jami'in Maraɗi ba shi da izinin leƙa namu, mu ma ba mu da na leƙa nasu, kuma daidai ne a bar shi haka, domin SORMAS cike yake da sunayen mutane. A fasahance ana iya haɗa rumbunan biyu su riƙa miƙa wa juna alƙaluma, amma wannan shawara ce ta Abuja da Yamai. Kwamiti a Kaduna ba shi da hurumin yanke ta, kuma idan ya zauna jiranta sanƙarau za ta zo ta wuce sau uku.

Dole a faɗi maganar hurumi ƙarara, don na ga matasa masu himma sun shiga matsala a kanta. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sa harkokin waje cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Dokokin lafiya na duniya na 2005, waɗanda suka fara aiki a Yunin 2007, sun ce ƙasa ta tantance abin da ya faru cikin awa 48, ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin awa 24 idan ya kai matsayin haka, kuma ta ƙofa ɗaya ake bi, wadda a Najeriya NCDC ce. Ta ɓangaren dabbobi ma haka: rumbun WAHIS na hukumar lafiyar dabbobi ta duniya da ke Paris kowa yana iya karanta shi, amma wakilin ƙasa ne ke shigar da sanarwa. Ga kuma dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a Yunin 2023, wadda ta gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanin wani zuwa wata ƙasa. Saboda haka duk abin da Kaduna za ta zaɓa, ba sanarwar ƙasa ba ne. Raɗa ce tsakanin maƙwabta, mai cewa ku buɗe ido. Kuma ko ita sai an sami takardar amincewa daga sama.

Maganar sabuwar manhaja ba zan daɗe a kanta ba. A ƙi. Kuɗin ginawa shi ne ƙaramin, babban shi ne na kowace shekara: hayar na'urar ajiya, gyara, da neman yaron da ya rubuta ta bayan ya sami aiki a Legas. Sannan babu dalilin da zai sa jami'in wata ƙasa ya zuba bayanan mutanensa cikin rumbun da jihar Kaduna ce kaɗai ke riƙe da mabuɗinsa, balle a irin wannan yanayi na siyasa.

Kafin in zo kan Kobo, bari in ratsa ta Turai, domin a can ne na ga abin da ya gyara mini tunani. Tarayyar Turai tana da wani tsari da ake kira IMI, wanda ya fara aiki a 2008, aka yi masa doka ta musamman a 2012. Ƙasashen tarayyar 27 suna cikinsa, tare da Norway da Iceland da Liechtenstein. Aikinsa shi ne hukumar wata ƙasa ta tambayi ta wata, misali ko wannan ma'aikaciyar jinya da ta zo neman aiki da gaske tana da lasisi a ƙasarsu. Idan kuwa aka dakatar da likita a ƙasa ɗaya, ana tura gargaɗi ga sauran cikin kwana uku. Da na duba yadda yake, ban ga wani abin al'ajabi na fasaha ba. Abu uku ne suka riƙe shi. Akwai jerin hukumomi, wanda ke nuna maka wace ce takwararka a can. Akwai tambayoyi da amsoshi da aka riga aka fassara zuwa harsunan tarayyar 24, jami'i ya zaɓi tambaya da harshensa, ta isa ga ɗayan da nasa harshen. Sannan kowace tambaya tana barin sawu: wa ya tura, yaushe, an amsa ko ba a amsa ba. IMI ba namu ba ne, ba a sayar da shi a kasuwa, kuma doka ɗaya da ta ɗaure ƙasashen ce ta sa yake tafiya. Mu ba mu da irin wannan doka da Nijar. Amma jerin takwarori da tambayoyin da aka fassara da barin sawu, waɗannan ba sa buƙatar miliyoyi.

To, KoboToolbox shi ne mafi kusa da wannan a cikin abin da hannunmu zai kai. Manhajar cike fom ce da ta samo asali daga masu aikin jin ƙai a jami'ar Harvard, ma'aikatanmu da yawa sun taɓa aiki da ita ko da 'yar'uwarta ODK a lokacin rigakafi da ƙidayar gidaje. Fom ɗaya yana iya zama da Hausa da Faransanci da Ingilishi, mai cikewa ya zaɓi harshen da ya ga dama, amsa kuma ta faɗa gurbi ɗaya a jadawali. Ana cike shi ba tare da intanet ba, ya tafi da kansa idan an sami sabis. Kada a ɗauki wannan da wasa. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021 an rufe layukan waya a wasu sassan jihar nan saboda tsaro, kuma ko yau akwai mazaɓu a Birnin Gwari da sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya ta sabis. Kowane fom yana shigowa da rana da lokaci da sunan wanda ya tura, kuma yana zama a asusun ofis, ba a wayar mutum ba.

Fom ɗin da nake nufi gajere ne, kada ya wuce tambaya goma. Rana. Wuri, a zaɓa daga jeri. Cuta, ita ma a zaɓa daga jeri: sanƙarau, ƙyanda, kwalara, mashaƙo, zazzaɓin Lassa, shanyewar ƙafar yaro farat ɗaya, mutuwar kaji ko dabbobi da ba a saba gani ba. Mutum nawa suka kamu, nawa suka rasu, yara ne ko manya. Zargi ne ko gwaji ya tabbatar. Akwai wanda ya yi tafiya, daga wace tasha ko kasuwa, zuwa ina. Babu suna, babu lambar gida, babu hoto. Na nace a kan zaɓi daga jeri saboda Hausarmu ɗaya ce amma ba kullum take haɗuwa a takarda ba. Mu mu ce gudawa, su su ce zawo. Mu mu ce an kai shi asibiti, su su ce an kai shi likita. Sunan gari ɗaya za ka gan shi da rubutun Faransanci a wajensu da na boko a wajenmu, har ka ɗauka garuruwa biyu ne. A baki wannan ba komai ba ne, a jadawali kuwa yana raba lissafi gida biyu. Kuma a sa doka cewa kowane mako sai an tura, ko da amsar ita ce babu komai, domin shiru ba ya gaya maka lafiya ake ko jami'in ne ya manta.

Ba zan ɓoye laifin Kobo ba. Ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Bayani yana iya kwana uku a ciki ba wanda ya buɗe. Ƙarin aiki ne ga jami'in da ya riga ya shigar da abu ɗaya a SORMAS, kuma na san yadda gajiyar fom take, shi ya sa na ce ofishin jiha ne zai cike shi sau ɗaya a mako daga abin da ya tattara, ba kowane jami'in ƙaramar hukuma ba. Kyauta ne zuwa wani adadi na saƙonni a wata, wanda irin wannan aiki ba zai kusance shi ba, amma na'urorin da ke ajiye bayanan a ƙasashen waje suke, sai dai idan hukuma ta kafa tata. Wannan ne ya sa cire sunaye ya zama sharaɗi. Kuma tambayar da na yi wa mai kwangila tana hawa kan Kobo ma: wa ke riƙe da mabuɗi? Amsar ita ce kowane ɓangare ya buɗe asusunsa na ofis, a ba wa juna izinin gani da saukewa daidai wa daida, yadda ba wanda zai ji shi ɗan haya ne a gidan wani.

Shawarar da na ba ta ke nan. Kobo ya zama littafin rajista, WhatsApp ya zama ƙararrawa. A zauren a rubuta layi ɗaya kawai, "Mun tura na wannan mako, ku duba Madarunfa," sannan wanda abin ya shafa ya kira waya. A taƙaita zauren ga masu muƙamin da aka lissafa, shugabanninsa biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, kuma ranar da mutum ya bar kujera a cire shi. SORMAS da DHIS2 su ci gaba da aikinsu na cikin gida ba tare da an taɓa su ba.

Akwai inda wannan tsari bai isa ba, kuma gara a sani tun yanzu. Idan mutum takamaimai ake nema, kamar wanda ya yi jinyar mai Lassa a Kaduna ya hau mota zuwa Tasawa a Nijar, ko mai shan maganin tarin fuka da ya koma gida a tsakiyar magani, dole suna ya tsallaka iyaka. Wannan ba na fom ba ne, ba kuma na zaure ba. Likitan annoba na jiha zai kira Abuja nan take a bi ta ƙofar hukuma, mai tarin fuka kuwa a ba shi takardar tura marar lafiya a hannunsa, a rubuta sunayen magungunan yadda likitan can zai gane. Haka kuma idan kwamiti bai sami amincewa daga sama ba, ko takwarorin na can ba su sami izinin shugabanninsu ba, kada a fara. Jami'in Nijar da ya tura alƙaluman ƙasarsa waje ba da izini ba yana iya rasa fiye da aikinsa, kuma bai kamata zumuncinmu ya jefa shi cikin haka ba.

Ta tambaye ni ta wace ƙofa za a nemi izinin, tunda Nijar ta fita daga ECOWAS. Gaskiya ne hanya ta ƙuntata. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024, kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Amma akwai hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Yamai, wadda ta girmi ECOWAS da shekara huɗu kuma tsakanin ƙasashen biyu take kai tsaye. A Afrilun 2025 ministan harkokin waje Yusuf Tuggar ya je Yamai ya gana da takwaransa, farfaɗo da ita kuma yana cikin abin da suka tattauna. Na ce mata su rubuta wa NCDC ta hannun kwamishina, su ambaci wannan hukuma, su kuma nemi a haɗa su da Katsina da Jigawa, waɗanda suka daɗe suna zaman kan iyaka da jami'an Nijar tun zamanin yaƙi da shan inna. Bai dace Kaduna ta tsallake su ta miƙa hannu Maraɗi ita kaɗai ba.

Na kuma ce mata shafin farko na takardar kada ya zama sunan wata manhaja. Ya zama jerin kujeru: likitan annoba na jiha da mataimakinsa, daraktan kula da lafiyar dabbobi, sai takwarorinsu a hukumar lafiya ta jihar Maraɗi da ta Damagaram, kowace kujera da lambar waya biyu da imel na ofis, da sunan wanda zai sabunta jerin duk wata uku. Sanƙarau tana fara motsi ne daga Disamba, ta tsananta da zafin Maris da Afrilu. Don haka fom ɗin ya kammala a Oktoba, a tura na gwaji sau huɗu a Nuwamba, a ƙirga kwana nawa kowanne ya yi kafin wani a ɗaya ɓangaren ya buɗe shi.